Manhajar da Ta Gaskata Goben Tela

Ɗan ƙanwata ya shigo shagona wata Litinin da safe, jakar kwamfuta a baya, ya tsaya tsakanin kekuna biyu ya ce zai kawo ƙarshen ƙaryar teloli a duniya.

Ban ɗago ba. Ina kan kafa hannun riga.

"Kawu, ka ji ni kuwa? Na ce a duniya."

"Na ji. Matsa, ka tare min haske."

Ya matsa, amma bakinsa bai matsa ba. Wai ya buɗe kamfani. Kamfanin ya ƙera manhaja, wato wani shafin intanet da tela zai zuba sunan mai ɗinki da ranar da ya yi masa alkawari. Ranar na cika, saƙo ya tafi wayar mutum da kansa, ya ce masa ɗinkinsa ya kammala. Ba zarya, ba faɗa, ba ɓuya bayan labule. Sunan kamfanin Cika Alkawari.

Mai aski, wanda bango ɗaya ya raba mu, ba abin da ke wuce kunnensa. Ya leƙo da almakashi a hannu.

"Tela da cika alkawari? Ɗana, wannan kamfani matacce aka haife shi."

"Baba mai aski, ku tsofaffi ba ku san zamani ba."

Ya zaro wani ɗan kati mai sheƙi ya miƙa masa. Ƙarƙashin sunansa akwai haruffa uku na Turanci. Mai aski ya kanne ido ya haɗa su a hankali: si, i, o.

"Siyo? Siyo me?"

"Ba siyo ba ne. Shugaban kamfani ke nan a Turance."

"Ma'aikata nawa gare ka?"

"A yanzu dai mun dakatar da ɗauka."

"Wato kai kaɗai. To Siyo, siyo mana ruwan sanyi."

Kafin rana ta take, layin duka ya ɗauka. Mai gyaran waya na kira, Siyo siyo kati. Mai kayan miya na kira, Siyo siyo leda. Sunan ya bi shi har gida, har uwarsa kan kira shi da shi in ta manta.

Ga yadda abin yake. Siyo ya taɓa zama a shagona wata uku. Ya karya allura goma sha ɗaya, ya ɗinke aljihun wandon wani direba ruf, sannan ya gudu ya ce ɗinki ba aikin masu ƙwaƙwalwa ba ne. A ƙarshen layinmu akwai wani bene da matasa masu aikin kwamfuta ke taruwa, Cibiya suke ce masa. Kowa ana ba shi teburi na wata shida, ga wuta ga intanet. In wata shidan ta cika, kowa ya nuna abin da ya ƙera gaban alƙalai uku. Wanda ya ci, a ba shi ɗakin sama mai taga, shekara guda. Sauran su naɗe wayoyin cajinsu su ba sababbi wuri. Teburin Siyo yana jikin ƙofar banɗaki. Babban ofis yake ce masa.

Uwarsa ta riga ta yanke hukunci a gabana. In ya samu ɗakin sama, ta sa masa albarka. In bai samu ba, ya dawo shagona ya zauna kan benci ya koyi sana'a, shekara biyu ba fashi. Siyo ya amince har da rantsuwa, don a wurinsa ɗakin ya riga ya zama nasa. Har awon labulen tagar ya yo.

Sharaɗin alƙalan ɗaya ne: su ga mutanen gaske suna amfani da abin. Saura mako biyu, Siyo ba shi da ko mutum ɗaya. Shi ne ya tuna yana da kawu.

Da farko ya manna wata takarda a ƙofata, mai zane baƙi da fari kamar inda ƙudaje suka yi taro. Wai duk wanda ya haska ta da waya zai shiga shafin. Mai aski ya haska. Hoton Siyo ya fito, ya harɗe hannu yana hangen nesa.

"Ina wurin sa suna?"

"Ja ƙasa."

Ya ja. Wani hoton Siyo, wannan karon yana nuna sama da yatsa.

"Ƙara ja."

"Ɗana, ɗinki ake yi a nan ko neman aure?"

Kwana uku, mutum biyu suka yi rajista. Siyo, da mai aski, wanda ya rubuta yana son a ɗinka wa kujerar askinsa wando.

Sai Siyo ya koma tare mutane a bakin ƙofa. Wata malamar asibiti, tsohuwar mai kawo min ɗinki, ta zo a gajiye daga aiki. Ya sha gabanta.

"Anti, kafin ki shiga, ki zaɓi lambar sirri. Harafi takwas, da babba da ƙarami, da lamba ɗaya, da alama ɗaya."

"Siket na kawo a rage. Ba banki na zo ba."

"Don tsaron bayananki ne."

"Wa zai saci faɗin ƙuguna? Kauce ko in yi maka allura."

Ya kauce.

Saura mako guda ya kawo yadi, wai in ɗinka masa kwat irin ta manyan shugabanni.

"Yaushe zan karɓa, Kawu?"

"Gobe," na ce, idona a kan keke.

Ya rubuta a wayarsa. Mai aski da ke bakin ƙofa ya dafe ciki ya koma shagonsa.

A nan sai in faɗi abin da kowa a layinmu ya sani. Gobe iri-iri ce. In na ce gobe idona a kan keke, mako guda ke nan, ko ya ɗan haura. In na ce gobe na sosa ƙeya, mako biyu. In na ce leƙo gobe, ban yanka ba. In na ce gobe da sassafe, na manta inda na ajiye yadin. Ran da ɗinki ya kammala kuwa ba na cewa gobe. Cewa nake, taho da leda. Shekara arba'in ina haka, ba wanda ya taɓa ɓata tafiya, don masu ɗinkin ma sun iya yaren.

Taron ranar Asabar ne. Ranar Juma'a na fita sayo zare. Da na dawo na tarar da Siyo zaune kan tarin yadukan da ban yanka ba, kwamfuta a cinya, littafin awona a buɗe yana ɗaukar shafukan hoto.

Wannan littafi ba mai buɗe shi sai ni. Karatuna bai yi nisa ba, dogon suna wahala yake ba ni, masu suna iri ɗaya kuma sun yi yawa. Don haka kowa da abin da ido ya gani ko kunne ya ji nake rubuta shi. Gefen sunan lambar waya, sai awo, sai abin da mutum ya raɗa min a kunne, sai rana.

Na fizge littafin.

"Wa ya ba ka?"

"Haba Kawu, ai na gama. Ni ko karantawa ban yi ba. Na'ura ce ta karanta ta zuba da kanta. Mutum arba'in da uku cikin minti biyu. Ka ga zamani? Abu ɗaya ne ya tsaya mata. Mene ne gb ɗin nan da ke gaban kowa?"

"Gobe."

"Shi ke nan." Ya ƙwanƙwasa kwamfuta. "Duk inda ta ga gb, ta sa ranar gobe."

A daidai nan wata yarinya daga Cibiyar ta shigo karɓar cajarta da ya ara tun wancan wata. Mai Tabarau suke ce mata. Ba ta da hayaniya. Ta gaishe ni, ta leƙa allon kwamfutar ta bayansa.

"Ka duba abin da ya shiga kuwa?"

"Na'ura ba ta kuskure."

"Ka gwada saƙon da lambarka kaɗai kafin ka sake shi."

"Gwaji na masu shakka ne."

Ta dubi tarin yadin da yake zaune a kai, ta dube ni.

"Baba, da gaske duk waɗannan gobe za ka gama su?"

Na buɗe baki. Siyo ya riga ni.

"Kawuna ya ce gobe. Ke kin fi shi sanin aikinsa ne? Ki je ki ji da taki manhajar ta masu kantin magani, da ko hoto babu a ciki."

Ta karɓi cajarta ta fita. Na ce masa, "Kada ka taɓa min mutane."

"Maganar ofis ce, Kawu. Kai dai ka sa riga mai kyau gobe. Kai ne shaidata."

Da safiyar Asabar ya zo karɓar kwat. Jikin ya haɗu. Hannu ɗaya ya hau. Ɗayan yana kan teburi.

"Kawu! Tun wancan makon ka ce gobe!"

"Na ce."

"To?"

"To tana hanya."

Ya yi tsalle, ya yi magiya. Na kafa hannun da dogon zare da fil guda shida.

"Kada ka ɗaga hannun dama."

"Shugaba ba ya ɗaga hannu, Kawu. Shi ake ɗaga wa."

Ya sa na rufe shago tun kafin ƙarfe takwas. Wayata tana cikin durowa inda take kwana. Tasa kuwa ya kashe, wai manya ba sa ɗaga waya ranar taro.

Cibiyar babban ɗaki ce mai kujerun roba. Igiyoyin wuta a ƙasa kamar za su harɗe mutum, farin allo a bango, majigi na haska shi. Matasa kowa da kwamfutarsa, wasu na taunar farce. Alƙalai uku a gaba. Na tsakiyan shi ne mai benen, gajeren mutum mai faɗin kafaɗa. Na san shi. Na san kafaɗar ma, ni na yi ta.

Mutum huɗu suka nuna nasu. Mai Tabarau ta nuna nata cikin minti biyar, wani mai kantin magani ya tashi ya ce yana amfani da shi, ta zauna. Siyo ya raɗa min, "Ka ji? Mutum ɗaya. Ɗaya tal."

Saura kaɗan ƙarfe goma aka fara jin hayaniya a matakala. Siyo ya leƙa, ya dawo fuskarsa kamar an kunna fitila.

"Kawu, jama'a! Labari ya zaga gari! Zuwa suka yi su ji ni!"

Ya ruga ya buɗe ƙofa yana marabtar su hannu bibbiyu, har fil ɗaya ya faɗi.

"Bismillah, ku shigo, akwai kujeru! A ba su wuri a gaba!"

Mahaucin bakin kasuwa ya fara shigowa, cikinsa ya riga shi. Sai tsohon ɗan sandan da ya yi ritaya. Sai malamar asibiti. Sai direba, sai mai koyar da lissafi, sai mai gidan burodi da matarsa. Kowa da leda a hannu, babu komai ciki. Kowa da waya a ɗaya hannun. Ba mai dariya. Na duba layi na farko, na duba na biyu. Littafin awona ne ya yi ƙafa ya zo ya zauna, shafi bayan shafi. Mai aski ne ƙarshe, ba leda ba waya, ya rufe shago ya biyo su don kada a ba shi labari.

Na nemi ƙofa. Mahauci ya zauna a bakinta.

Aka kira Siyo. Ya hau, ya gyara kwat da hannun hagu. Ya yi minti goma yana bayanin kansa, yadda tun yana goye yake da hangen nesa. Ya ce nan da shekara biyu kamfaninsa zai sayi benen nan duka, ya bar wa mai shi ɗakin ƙasa don tausayi. Mai bene ya buga biro a teburi.

"Malam, mutanen gaske muka ce. Su wa ke amfani da abin naka?"

Siyo ya yi murmushi. Ya juya ga mutanen da ya zaunar.

"Yau da ƙarfe takwas manhajata ta aika saƙo arba'in da uku, ba tare da na taɓa komai ba. Duk wanda ya samu saƙon Cika Alkawari, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi da ledojinsu. Matasan Cibiya suka fara tafi. Siyo ya kumbura.

"Baba mahauci, karanta wa alƙalai naka su ji."

Mahauci ya miƙe, kujerar roba ta biyo shi, ya ciro ta. Ya nisanta wayar da fuskarsa.

"Ranka ya daɗe Tumbi, ɗinkinka ya kammala. Zo ka karɓa a babban ofishinmu, benen ƙarshen layi, ƙarfe goma. Cika Alkawari, ba ma saɓawa." Ya sauke wayar. "Tambayata biyu ce. Ina wandona, kuma wane ne Tumbi?"

Tafi ya mutu.

Tsohon ɗan sanda ya tashi. "Ni kuma Ba-wuya aka ce."

"Ni Mita," in ji malamar asibiti. "Kuma ranka ya daɗe. Na yi kama da namiji? Shekara goma sha biyar ina kawo ɗinki, ban taɓa yin mita ba. Wancan karon da aka rage min hannu ban yi magana ba, wancan da aka sa min zif na wando ma ban yi magana ba, har da wancan—"

"Ni Ƙafar Almakashi," in ji direba.

"Mu Gwauro da Mai Gidansa," in ji mai burodi. Matarsa ta ce, "Wane ne mai gidan?" Ya ce, "Ke."

Mai aski ya zame daga kujera.

Siyo ya ɗaga hannun hagu. "Jama'a, ku kwantar da hankali. Ƙaramar matsala ce ta fasaha. Kayanku suna nan a shirye, kawuna da kansa ya tabbatar min. Ko ba haka ba, Kawu?"

Ido sama da ɗari ya juyo kaina. Na kalli silin.

"Kawu, ka ce gobe!"

"Na ce."

"To yau ce goben!"

"Wa ya gaya maka?"

Mai bene ya sake buga biro. "Malam, abin naka ƙarya yake aika wa mutane, da zagi a kai?"

"Ranka ya daɗe, manhajata ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta take faɗa. Bari in nuna muku ainihin bayanan, ku gani da idonku."

Mai Tabarau ta miƙe tsaye. "Kada ka buɗe wannan shafin!"

Ya buɗe.

Littafina ya hau bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. Tumbi, ƙugu hamsin da biyu, ya ce a rubuta arba'in da takwas. Ba-wuya, kada a yi masa kwala. Mita, a ce mata an rage ko ba a rage ba. Mai lissafi, aljihun ɓoye a ciki, matarsa ba ta sani ba. Matar mai lissafi ba ta zo ba, amma ƙawarta ta zo, na ga tana ɗaukar hoto.

Malamar jami'a da ke cikin alƙalai ta sa gyale a baki. Mai bene ma ya fara dariya, kafaɗunsa na rawa. Sai ya daina. Ya gyara tabarau. Layi na goma sha bakwai, ga lambar wayarsa. Gefenta: Kafaɗar Soso, a ninka soson sau biyu, kada kowa ya ji.

Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa da ya kashe wa ƙara tun safe. Ya karanta. Duk ɗakin suka zuba wa kafaɗarsa ido. Alƙali na uku ya kai yatsa a hankali ya latsa. Ta lotsa, ta dawo.

"Rufe wannan abu!" in ji mai bene.

"Yanzu, ranka ya daɗe, yanzun nan."

Siyo ya danna. Bai rufu ba. Ya sake dannawa. Shafin ya gangara ƙasa. Mai aski, daga inda yake zaune a ƙasa, ya karanta da ƙarfi.

"Fanko! Kwat ɗaya. Wane ne Fanko? Kai, Siyo, ba lambarka ba ce wannan, ta jikin kati?"

Siyo ya kalli bango. Ya kalle ni.

"Kawu, ni ne Fanko?"

"Rufe abin tukuna."

Gumi ya keto masa. Ya dinga danna duk abin da yatsa ya samu. Wani koren maɓalli ya haska. Mai Tabarau ta dafe kai.

Wayoyi suka ɗauki kuka a lokaci guda, kowace da muryarta, wata kukan zakara wata ƙararrawa. Saƙon ne ya sake tafiya. Mahauci ya duba. "An sake ce min Tumbi."

"Ku dakata!" Siyo ya ɗaga hannu sama. Na dama.

Zare ya ce ƙiiit. Hannun kwat ya sulale ya sauka kan kwamfuta. Siyo ya tsaya, hannu ɗaya shugaba, ɗaya singileti.

A nan ƙofa ta buɗe. Mahauci da kansa ya ja kujera ya ba da hanya. Uwar Siyo ce, ta ci ado don ganin ɗanta ya karɓi ɗaki. Waya a hannunta. Ba ta ko kalli ɗan ba. Ni ta nufo.

"Yaya."

"Na'am."

"Wace ce Rediyo?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fara daga yadda ta yi min wanki muna yara, ta bi ta kan ranar da na yi zazzaɓi ta yi jinyata, ta sauka kan zanenta da ke shagona tun bara. Minti ashirin ba tsayawa, ba shan ruwa. Mai aski ya ce a ƙasan maƙoshi, "Tashar ta kama sosai yau." Ta juya ta haɗa da shi.

Da ta tsaya numfashi, mai bene ya ce in tashi in yi bayani, tunda ni ne shaida. Na tashi.

"Kayanku ba su kammala ba. Sunayen ni na rubuta. Ban rubuta don bango ba."

Na zauna.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Mahauci ya matso. Na ɗauka duka ne. Ya ce, "Baba tela, ni ba wando ne ya kawo ni ba. Ran da ka ce min gobe ka sosa ƙeya, na san mako biyu ne. Da na ga saƙo yau wai an gama, gabana ya faɗi. Na ce ko ciwo ne ya kama tsohon nan ya tuba."

"Ni ma," in ji tsohon ɗan sanda. "Leƙo gobe aka ce min. Ko yankawa ba a yi ba. Na ce lalle ba lafiya."

Malamar jami'a ta ce, "Wato ku duka kun san gobensa ba gobe ba ce?"

Suka dube ta kamar ta tambayi ko ruwa na jiƙa mutum.

"Kowa ya sani mana," in ji malamar asibiti. "Ban da Siyo."

Mai bene ya miƙe, hannu a kan kafaɗa. Ya ce ɗakin sama na Mai Tabarau ne. Ya ce Cika Alkawari ta kwashe kayanta kafin yamma, don ana son a sa bokitin shara a wurin teburin. Siyo ya ce yana da ƙarin bayani. Uwarsa ta kama shi ta hannun kwat ɗin da ya saura. Wannan hannun ma ya ɓalle ya biyo ta.

Ni ma ban tsira ba. Kafin su bar ni in fita, sai da suka sa na tsaya gaban alƙalai na ba kowa rana ta gaske, mai lamba, Mai Tabarau na rubutawa. Ɗinki arba'in da uku, mako uku. Ban taɓa shan wulaƙanci irin wannan ba.

Ranar Litinin Siyo ya zo, ba jaka ba kati. Na nuna masa benci, na ajiye masa gwangwanin maɓallai. Mai aski ya leƙo.

"Siyo, ina kamfani?"

"Mun koma wani sashe. Ni ne shugaban sashen maɓalli."

"To ranka ya daɗe Fanko, siyo mana ruwan sanyi."

Mako uku muka yi ba ɗaga kai. Mahauci ya karɓi wandonsa, ya ce a bar masa Tumbin, ya ji yana yi masa kwarjini. Mai bene ya zo ta ƙofar baya, ya ce soson ya zauna yadda yake, amma a canza suna a littafi. Na canza. Ba zan faɗi abin da na sa ba. Ƙanwata ta karɓi zanenta ba ta gaishe ni ba, ta yi kwana huɗu tana gaba da ni, kwana huɗu mafi shiru da na taɓa samu.

Wata rana Mai Tabarau ta kawo yadin labule, na tagar ɗakin sama. Ba sai an je awo ba, Siyo yana da shi a waya. Ina kan keke, sai ta tambaye shi.

"Yaushe zan dawo?"

"Gobe," ya ce, idonsa a kan allura.

Ta gyaɗa kai. "To, sai mako mai zuwa."

Ta fita. Na ce a raina, an fara samun mutum.

Ba a yi minti biyar ba ya ajiye allura.

"Kawu, wallahi wata dabara ta zo min. Manhajar maɓalli. Duk duniya ba wanda ya taɓa tunaninta. Mutum ya haska rigarsa da waya kawai. Yaushe za mu zauna in yi maka bayani?"

Na sosa ƙeya.

"Gobe da sassafe."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya sauke ajiyar zuciya, ya lashi bakin zare, ya ɗauki maɓalli na gaba.